Rigar Oilers: sunan wa za ka biya a sa maka a baya?

Duk shekara idan Satumba ya kama, 'yan wasan Edmonton Oilers, ƙungiyar hokin kan ƙanƙara ta birnin Edmonton a Kanada, suka koma atisaye, gardama ɗaya ce ke tashi a wuraren aiki da kuma majalisar da muke zama bayan sallar isha'i. Ba a kan Connor McDavid ake yin ta ba, ba kuma a kan Leon Draisaitl ba, don waɗannan biyun babu mai ja da su. A kan 'yan gaban sahu na uku da na huɗu ake yi: bana suna da ƙwarin da za su raka ƙungiyar har ga kofi, ko kuwa za a sake barin mutum biyu da jan kaya? Cikin zafin wannan muhawara mutane da yawa ke faɗawa kanti su sayi jesi da sunan wani sabon yaro da ya haskaka a wasan share fage. Rigar hoki kuwa ba ta da araha, kuma da zarar an sa suna da lamba a bayanta, cire su wahala ne. Shi ya sa nake so ɗan'uwan da bai daɗe da zuwa Kanada ba, ko uwar da yaronta ya dame ta da maganar riga, su san abin da ke gabansu kafin su zaro katin banki.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake. A hokin kan ƙanƙara kowace ƙungiya kan shigo da 'yan gaba 12, a kasa su sahu huɗu, uku-uku. Gudun yana da tsanani, saboda haka sahu ba ya cika minti guda a fili sai ya fita wani ya shigo. Cikin minti 60 na wasa, irin su McDavid kan haura minti 20, ɗan sahu na huɗu kuwa goma ko ƙasa da haka. Aikinsu ba cin ƙwallo da yawa ba ne. Su ne masu gwabza kafaɗa a jikin katanga, su tare harbi da jikinsu, su riƙe gida lokacin da alƙali ya fitar da ɗan'uwansu zaman horo na minti biyu aka bar su huɗu a gaban biyar.

Masu cewa waɗannan mutane sun cancanci a sa rigarsu suna da hujja mai ƙarfi, kuma ni ina cikinsu. A wasan ƙarshe na 2024 na kofin Stanley, babban kofin gasar, inda wadda ta fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi, Florida Panthers ta ci Edmonton wasa uku a jere, saura ɗaya ta ɗauki kofi. A wasa na huɗu, Mattias Janmark na Edmonton ne ya buɗe raga alhali ƙungiyarsa na da ragin mutum ɗaya, Edmonton ta yi nasara da ci 8 da 1. A na biyar, Connor Brown ya yi irin wannan, shi da ya shafe fiye da wasa 50 a wannan kakar bai ci ko ɗaya ba. A wasa na bakwai da aka rasa kofin da ci 2 da 1, ƙwallo ɗayan da Edmonton ta samu Janmark ne ya ci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda ya kalli waɗannan wasanni ba zai ƙara raina sahu na huɗu ba.

To amma dubi abin da ya biyo baya, domin nan ne maganar aljihunka take. A bazarar 2024 ɗin nan Warren Foegele ya koma Los Angeles, aka yi musayar Ryan McLeod zuwa Buffalo. A watan Agusta ƙungiyar St. Louis ta miƙa wa Dylan Holloway da ɗan baya Philip Broberg tayin kwantiragi, Edmonton na da kwana bakwai ta biya daidai da haka ko ta sake su, ta sake su. Holloway ya je can ya ci ƙwallo 26 a kakarsa ta farko, abin da har yau magoya baya ke cizon yatsa a kai. Shekara ta zagayo, aka sake kaiwa wasan ƙarshe a 2025, Florida ta sake yin nasara a wasa shida, sai aka kuma watsewa: Connor Brown ya tafi New Jersey, Corey Perry ya tafi Los Angeles, Evander Kane aka tura shi Vancouver, Viktor Arvidsson kuma Boston. Wanda ya sayi rigar Brown cikin murnar watan Yunin 2024, shekara guda kawai ya sa ta mai sunan yana cikin ƙungiyar.

Wannan ba rashin amana ba ne daga shugabannin ƙungiya, tsarin gasar ne ya zo da haka. A NHL, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasa: dalar Amurka miliyan 88 a kakar 2024-25, miliyan 95.5 a ta 2025-26. McDavid na ɗaukar miliyan 12.5 a shekara, Draisaitl miliyan 14. Mutum biyu sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya rage shi za a raba wa sauran mutum ashirin da wani abu. Don haka duk ɗan sahu na uku da ya yi ƙoƙari, farashinsa ya tashi, wata ƙungiya ce za ta iya biyansa. Wanda kuma bai yi ƙoƙari ba, a tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Bakersfield a Kalifoniya. Ko ta wane ɓangare, zamansa ba shi da tabbas.

Saboda haka abu na farko da nake cewa mai saye ya duba shi ne kwantiragin ɗan wasan, ba yawan ƙwallayen da ya ci a makon jiya ba. Bayanin a buɗe yake a intanet, minti biyu ya isa. Shekara nawa suka rage masa? Akwai sharaɗin da ya hana a sauya masa ƙungiya ba da yardarsa ba? Idan shekara ɗaya ta rage kuma babu wannan sharaɗi, sayen rigarsa a watan Oktoba cinikin biri a sama ne.

Da wannan ma'auni, lamba 29 ta Draisaitl ta fi kowace kwanciyar hankali, domin kwantiraginsa na shekara takwas ne da zai kai 2033. Lamba 97 ta McDavid ita ce kowa ke sawa, idan ka shiga Rogers Place, zauren wasan Oilers, za ka ga kamar rabin zauren sunansa ɗaya. Ƙarin da ya sa wa hannu a Oktoban 2025 na shekara biyu ne kacal, zuwa 2028, amma wannan bai kamata ya tsorata mai saye ba. Mutumin da ya tara maki 153 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a kaka guda, kuma aka ba shi kyautar gwarzon zagayen neman kofi na 2024 duk da ƙungiyarsa ce aka doke, rigarsa ba za ta tsufa ba ko da ya tafi. An sayar da Wayne Gretzky, tsohon babban tauraron Oilers, ga Los Angeles tun Agustan 1988, har gobe ana sa lambarsa 99 a Edmonton da alfahari. Bambancin babban tauraro da ɗan sahu na huɗu ke nan a kasuwar riga: ɗaya sunansa na zama tarihi, ɗayan bayan shekara biyar sai yara su tambaye ka wane ne.

Idan ni aka ba wa zaɓi, lamba 93 zan ɗauka. Mai lambar, Ryan Nugent-Hopkins, shi aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar a 2011, ya sha wuyar shekarun da ƙungiyar ba ta tsinana komai ba, kuma a 2021 ya amince da kwantiragin shekara takwas a kan miliyan 5.125 a shekara don ya zauna, zuwa 2029. Ya taɓa tara maki 104 a kakar 2022-23, amma duk inda koci ya sa shi, tsakiya ko gefe, sahu na farko ko na ƙasa, kai hari ko riƙe gida lokacin zaman horo, yi yake ba ƙorafi. Mai son 'yan aikin ƙarfi amma yana tsoron asara, a nan zai samu duka biyun. Sai dai sunan dogo ne, yana cika kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan, a kan rigar ƙaramin yaro haruffan kan matsu.

Akwai kuma hanyar da mutane ke rainawa, wato rigar da ba suna ba lamba. Ta fi araha, ba wanda zai tafi ya bar ka da ita, kuma kantuna da yawa suna sa suna daga baya idan ka kawo ta. Ga wanda wannan ce kakarsa ta farko da kallon hoki, ita nake ba da shawara. Ka kalli wasannin kaka guda, ka ga wanda zuciyarka ta kwanta da shi, sannan ka kai a sa. Idan har a ƙarshe ɗan sahu na huɗu ne ya burge ka, ka sa sunansa kana sane da cewa ƙila baɗi ba ya nan. Na san masu yin haka da gangan, kuma idan suka shiga zauren wasa, tsofaffin magoya baya kan gane cewa wannan mutum yana kallon wasa da gaske.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tambayata ko ya sayi lamba 12 ta Jarome Iginla, tunda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma a Edmonton aka haife shi. Iginla gwarzo ne da ya cancanci girmamawa, amma jar rigar Calgary Flames ya sa ya yi suna, kuma tsakanin biranen nan biyu na jihar Alberta akwai hamayya mai tsawo. Ka saya idan kana so, sai dai ka san cewa za ka sha tsokana a jirgin ƙasa. Mu na arewa ma muna da namu a tarihin gasar: Rumun Ndur, ɗan bayan da ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta, a Zariya aka haife shi a 1975.

Sai maganar ita kanta rigar. Daga kakar 2024-25 kamfanin Fanatics ne ke yin rigunan gasar, bayan Adidas da ya riƙe tun 2017. Mai suna Breakaway ita ce ta magoya baya: yadinta laushi, tambarin ƙirji yana lanƙwasuwa, girmanta kamar na riguna na yau da kullum, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi. Ta sama da ita, Premium, ta fi nauyi, tambarinta ya fi tauri, girmanta da lambobi ake faɗa kamar 50 da 52 da 54, kuma faɗinta ya fi don asalin yankan na mai sanye da kayan kariya ne. Akwai ta ƙarshe, irin wadda 'yan wasa ke sawa a fili, da ake ɗinkawa a jihar Quebec, mai igiya a ciki ta baya da ake ɗaurawa a wando don kada a tuɓe wa mutum riga lokacin faɗa. Wannan ta masu tara kayan tarihi ce, ba ta mai zuwa kallo sau uku a shekara ba. Ga yaro mai girma, Breakaway ta wadatar, kafin kaka biyu ta yi masa kaɗan. Ga babba da ke son riga ta shekara goma, ƙarin kuɗin Premium bai ɓaci ba. Kowace ka zaɓa, tambayi mai kanti ko lambar ɗinka ta aka yi ko manna ta aka yi da zafi, domin mannanniya ita ke fara ɓamɓarewa. Kuma gwada ta a kan rigar sanyi mai hula, don haka za ka riƙa sa ta daga Nuwamba zuwa Maris.

Rigunan Adidas na gwanjo har yanzu suna yawo a kasuwannin intanet, wasu da kyansu, kuma nan ne rigar ɗan wasan da ya bar ƙungiya ke faɗuwa warwas. Wanda sunan da ke baya bai dame shi ba zai samu yadi mai kyau da kuɗi kaɗan. Amma a nan ne jabu ya fi yawa. Araha ba ta ado. Dubi tambarin ƙirji, idan ya kumbura ko ya yamutse, ko ka ga zare yana tsallakawa daga harafi zuwa harafi, ko shuɗin da ruwan lemon sun sha bamban da na hoton ƙungiya, ajiye ta. Idan ka samu ta gaske, ka juya ta ciki waje, ka wanke da ruwan sanyi, ka shanya, kada ta shiga injin busarwa, kada dutsen guga ya taɓa lambar.

Masu son kai ta gida tsaraba su tuna cewa riga ce mai kauri da dogon hannu. A Kano ko Maraɗi, in ba tsakiyar hunturu ba, babu mai iya zama cikinta. Akwai ƙananan riguna masu gajeren hannu da suna da lamba a baya, kuɗin babbar guda ɗaya zai saya wa yara da dama.

Game da lokacin saye, rana biyu ce ke girgiza sahu na uku da na huɗu. Ta farko ranar rufe musayar 'yan wasa a watan Maris, lokacin da ƙungiyar da ke hangen kofi ke bayar da matasa don ta karɓo gogaggu. Ta biyu 1 ga Yuli, ranar da waɗanda kwantiraginsu ya ƙare ke da 'yancin tafiya inda suka ga dama. Idan sunan da kake so ba 29 ko 97 ko 93 ba ne, bari ranar Maris ta wuce tukuna. Idan yana nan bayanta, aƙalla ka tabbata da shi za a shiga zagayen neman kofi a watan Afrilu, kuma kana da rigar da za ka sa a daren da ƙila shi ne zai buɗe raga.