Korn ko Linkin Park: su wa suka fara, kuma ina suka bambanta?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka taso kana jin Linkin Park kana ɗauka su ne suka ƙirƙiro kiɗan da ake kira nu metal, wato haɗin kiɗan metal mai nauyin jita da salon hip-hop, sai wani ya ce maka Korn ne, kuma kana son sanin gaskiya da abin da ya bambanta su. Wanda ya faɗa maka bai yi kuskure ba. Kundin Korn na farko ya fito a Oktoba 1994, na Linkin Park kuwa sai a Oktoba 2000. Shekara shida cur ke tsakani, kuma a cikin shekarun nan Korn ta riga ta share fagen.

Duka biyun 'yan jihar Kalifoniya ne a Amurka, amma ba tashinsu ɗaya ba. 'Yan Korn daga Bakersfield suka fito, garin rijiyoyin mai da gonaki, mai zafi da ƙura, wanda duniya ta fi saninsa da kiɗan ƙauye na Amurkawa. Sun haɗu a 1993 su biyar: Jonathan Davis mai waƙa, Munky da Head masu jita, Fieldy mai jitar bas, da David Silveria mai ganga. Kafin nan Davis yana aiki ne a ofishin binciken gawawwaki na gundumar Kern, tun yana matashi yake taimakawa wajen feɗe gawa don gano musabbabin mutuwa. Linkin Park kuwa a Agoura Hills ta samo asali, unguwar masu rufin asiri a gefen Los Angeles, a 1996, da sunan Xero. Mike Shinoda da Brad Delson da Rob Bourdon abokan makaranta ne, sai a 1999 Chester Bennington ya zo daga jihar Arizona ya karɓi makirufo.

Abin da ya sa ake ba Korn girman farawa shi ne sautin. Jita da aka saba gani tsirkiya shida gare ta. Munky da Head suka ɗauki mai tsirkiya bakwai, suka ƙara sassauta ta har muryarta ta koma can ƙasa, tana gurnani. Suka yi watsi da doguwar gwanintar yatsu da masu kiɗan metal na da suke alfahari da ita, suka koma kiɗa gajere mai nauyi, wannan ya buga wancan ya amsa. Fieldy ba ya kaɗa bas ɗinsa yadda aka saba, marin tsirkiyar yake yi da babban yatsa har ka ji tana ƙas-ƙas, takun kuma na gambarar hip-hop ne. A kan wannan Davis yake raɗa, ya yi kuka, ya yi ihu, wani lokacin ya zubo sautukan da ba kalmomi ba, wani lokacin ma ya ɗauko algaitar Sukotlan mai jaka ya busa. Furodusa Ross Robinson ne ya naɗi kundin a situdiyon Indigo Ranch da ke Malibu. A waƙar ƙarshe, Daddy, wadda take kan cin zarafin da aka yi masa yana yaro, Davis ya fashe da kuka na gaske, Robinson bai tsayar da na'ura ba, kuma haka aka saki abin. Ni dai ban san wani kundin metal na wancan zamani da namiji ya tsaya ya nuna rauninsa haka ba.

A nan ne, a ganina, bambancin gaske yake. Shi ma Chester ya bayyana cewa an ci zarafinsa yana yaro, shi ma ya yi fama da shaye-shaye. Ciwo iri ɗaya ne, amma Davis yana faɗin nasa ɓaro-ɓaro, da ashar da komai, ba ya damuwa ko za ka iya jurewa. Linkin Park sai suka rubuta nasu a dunƙule, "ni" da "kai" kawai, ba suna ba wuri, yadda duk yaron da ke cikin ƙunci zai ji kamar da shi ake. Suka raba aiki: Shinoda ya yi gambara, Chester ya ɗauki amshi da muryar nan tasa mai tashi sama, Joe Hahn yana murza faifai. Waƙoƙin gajeru ne, amshin mai saurin kama baki, kuma babu ashar ko ɗaya a kundinsu na farko, Hybrid Theory, da Meteora na 2003. Shi ya sa gidajen rediyo suka rungume su. Hybrid Theory ne kundin da ya fi kowanne ciniki a Amurka a 2001, daga baya ya haye kwafi miliyan 10 a can kaɗai. Korn ba ta taɓa kai wannan ba.

Ba wai Korn ba ta yi kasuwa ba. Follow the Leader na 1998 da Issues na 1999 duk sun hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na cinikin kundaye a Amurka. A 1998 ɗin suka shirya rangadin Family Values tare da Limp Bizkit da Ice Cube da Rammstein, wanda ya nuna wa kamfanonin waƙa cewa akwai kuɗi a harkar. Sun ci lambar yabo ta Grammy sau biyu, a 2000 da 2003.

Bayan 2003 kasuwar nu metal ta ja baya, kowa ya kama gabansa. Linkin Park suka yi aiki da Jay-Z a 2004, wanda ta nan ne da yawa daga cikin masu jin hip-hop suka san su, sannan a 2007 suka sauya salo gaba ɗaya tare da furodusa Rick Rubin a kundin Minutes to Midnight. Korn kuwa ta sha girgiza daga ciki. Head ya fita a 2005 bayan ya rungumi addinin Kirista yana neman rabuwa da ƙwaya, sai a 2013 ya dawo. Silveria ya tafi a 2006, Ray Luzier ya gaje shi. Sun gwada haɗa kiɗansu da na Skrillex, mai kiɗan na'ura, a 2011, amma nauyin nan na asali bai taɓa barinsu ba har zuwa kundin Requiem na 2022. Chester ya kashe kansa ranar 20 ga Yuli 2017, abin da har yau yake taɓa zuciyar masoyan Linkin Park, kuma ƙungiyar ba ta dawo ba sai a 2024 da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong.

Tunda kunnenka ya saba da Linkin Park, kada ka fara da kundin 1994, zai yi maka ɗanye. Fara da Follow the Leader, in ya zauna maka sai ka koma baya. Ka sa abin kunne, don akwai ashar sosai, ba na kunnawa a gaban yara ba ne. Waƙar Daddy kuma ka bar ta sai ranar da zuciyarka take kwance.