Aljabra ta gudu daga kai: littafi za ka saya, malamin lesin za ka ɗauka, ko waya ta isa?

A nan Jos masu wannan damuwa suna da yawa. Akwai ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Jos ya tarar da MTH 101, kwas ɗin lissafi na shekarar farko, na jiransa, akwai ma'aikacin da ya koma karatu a NOUN, jami'ar karatu daga gida, bayan ya daɗe da barin sakandare, ga kuma uwar da ɗanta ya kawo mata aikin gida na SS1 ta rasa ta inda za ta kama. Da yawansu sun ci lissafi a WAEC ko NECO, amma yau in aka ajiye musu x da y sai kai ya ɗauki zafi. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka fara sanin abin da ya ɓace maka.

Mantuwar ba alamar daƙiƙanci ba ce. A 1991 wasu masu bincike a Amurka, Harry Bahrick da Lynda Hall, sun gwada mutane sama da 1,000 a kan lissafin sakandare, wasu shekara 50 da barin aji. Waɗanda suka ci gaba da lissafi mai zurfi a jami'a sun riƙe aljabrarsu kusan cif. Waɗanda suka tsaya a sakandare kuwa, ko da sun ci maki mai kyau a lokacin, yawancin abin ya zube. Wato tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana maimaita abin ya fi makin jarrabawa tasiri. Da wannan ma'auni nake duba duk abin da ake sayarwa: zai sa hannunka ya yi aiki na watanni, ko kallo kawai za ka yi?

Ɗauki biro ka gwada kanka. Rabi a tara da sulusi, nawa ke nan? Idan 3x + 5 = 20, mene ne x? Kwando biyu na dankali da kwando ɗaya na tumatir a kasuwar Farin Gada naira 25,000, kwando ɗaya na dankali da ɗaya na tumatir kuma 15,000, nawa ne kowanne? Na ƙarshe: x² − 5x + 6 = 0. Amsoshin su ne 5/6, sai 5, sai dankali 10,000 tumatir 5,000, sai 2 ko 3. Wanda ya ce rabi da sulusi 2/5 ne, matsalarsa tana can tushe, tun kafin a kai ga aljabra, kuma sayen littafin SS3 asarar kuɗi ce a gare shi. Abin sha'awa, masu sana'a da yawa suna fitar da lissafin kwandunan da ka, sai an ce su rubuta shi da x da y su tsaya. Irin waɗannan tunaninsu lafiya lau, rubutun ne ya kwanta musu, kuma su ne suka fi saurin farfaɗowa.

Ni dai littafi nake sa wa gaba. New General Mathematics yana da na JSS 1 zuwa 3 da na SS 1 zuwa 3, ga misalai da aka warware daki-daki, ga atisaye jingim, ga amsoshi a baya. Babban mutum kan ji nauyin a gan shi da littafin JSS 2, alhali nan ne gyaran yake: lambobi masu alamar ɗebewa, buɗe baka (bracket), tsallakar da lamba daga wannan gefe zuwa wancan. Ka sayi na ajin da ka fara tuntuɓe, guda ɗaya tak, tare da littafin rubutu mai kauri. Na hannu ma ya wadatar, domin aljabra ba ta canza ba. Abin da za ka kiyaye a wajen masu littattafai na Terminus da sauran wurare shi ne bugun jabu. Buɗe tsakiyar littafin ka duba ƙananan lambobin da ke saman x da alamar ɗebewa. A bugun jabu tawada takan dushe, x³ ya koma kamar x², ka kwana kana neman kuskuren da ba naka ba. Ka kuma tabbata shafukan amsoshi suna nan, ba a yage ba.

Ɗalibin kimiyya ko injiniya a jami'a zai fi amfana da Engineering Mathematics na K. A. Stroud. Sababbin bugunsa suna farawa da sashen tushe, daga lissafin lambobi zuwa aljabra, kuma tsarinsa tambaya ce gajera, ka amsa, ka ga amsar, ka wuce gaba. Yana da tsada da nauyi, saboda haka uwa mai son taimakon ɗanta ba ta bukatarsa.

Waya tana da rana, musamman ga wanda bayanin littafi ba ya shigarsa sai ya ga ana yi. Khan Academy kyauta ce, tana da bidiyo da atisaye, sai dai Turancin Amurka ne da tsarin karatunsu, kuma data da caji suna kanka. uLesson, wadda Sim Shagaya ya kafa a 2019 kuma ta fara aiki a nan Jos, tana bin tsarin karatun Najeriya da jarrabawar WAEC da JAMB, amma biya ake yi, don haka ta fi dacewa da gidan da yara ma za su yi amfani da ita. Haɗarin bidiyo ɗaya ne: kana kallo kana gyaɗa kai, ka ɗauka ka iya. Tsayar da shi kafin malamin ya ƙarasa, ka ƙarasa da kanka a takarda. Manhajoji irin su Photomath, da ake ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa, ka bar su sai bayan ka gama naka, don dubawa. A lissafi zuwa da kai ya fi aike.

Malamin lesin shi ne mafi tsada, kuma shi ne kaɗai zai kalli takardarka ya ce, "Yaya, a nan layi na uku ka manta canza alama." Wannan gyara na minti ɗaya yakan warware abin da ya dami mutum shekaru. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin sashen lissafi na jami'a zai iya. Ku yi yarjejeniyar wata ɗaya tukuna, kuma tun ranar farko ka lura wa ke riƙe da biro. Idan malam ne ke cika allo kai kana kwafa, kuɗinka na tafiya a banza. Sau biyu a mako ya isa, in dai kana kai masa aikin da ka yi da inda ka maƙale.

Cibiyoyin lesin na JAMB kuwa an gina su ne don cin jarrabawa: dabarun gajarce hanya, ɗaki cike da matasa, ga sauri. Magidanci ko matar aure da wuya su ɗaga hannu a nan su ce a koma baya. Haka ma littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, yana auna ka ne, ba ya koyar da kai, don haka sai ka gama littafinka ka saye shi.

Ko wanne ka zaɓa, ware rabin awa kullum, bayan Asuba ko bayan Isha, ya fi zaman awa biyar ranar Asabar. Duk ranar Juma'a kuma ka koma babin da ka wuce mako biyu baya, ka rufe misalan da hannu, ka warware tambaya biyar daga ciki.