Sarewar gora da na saya a Marwa, ga masu son koyon busa

Jama'a masu tambayata wace sarewa ya kamata ɗan koyo ya fara da ita, to ga ra'ayina a kan wadda na saya wajen wani dattijo mai sassaƙa can gefen kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa. Ta gora ce, tsawonta bai kai kamu biyu ba, huji huɗu a gaba, sama da ƙasa duk a buɗe. Jaka ɗaya da rabi ya ce, na taya jaka ɗaya, ya ce "ɗana ƙara dala ashirin ka ɗauka", na ce to Baba Allah ya sa albarka.

Gaskiya aikin ya yi kyau, musamman bakin. Don a sarewa baki shi ne komai wallahi. Babu wani abu a cikinta da ke yin ƙara, bututu ne kawai, kai ne za ka tsuke leɓe ka karkatar da ita gefe kaɗan ka tura iska siririya ta bugi kaifin bakin, iskar ta rabu biyu, rabi ciki rabi waje, daga nan iskar da ke cikin gorar ta kama rawa sai amo ya fito, kamar dai yadda yara ke hura bakin kwalbar lemo. Baban nan ya fere bakin ya goge shi sumul, ba tsaga ba gashin gora da zai soke ka a leɓe, ka shafa yatsa ka ji kaifin daidai yake ko'ina. Na ga wasu a tebur na kusa an yi musu zane da fenti mai kyau amma bakin a dakushe, waɗannan na ado ne, na masu yawon buɗe ido, kada ka yarda.

Hujin kuma da ƙarfe mai zafi ya huda su, har yanzu ana jin ɗan ƙaurin ƙuna. In ka toshe duka huɗun iska na bin tsawon gorar gaba ɗaya, sauti ya fito da kauri, kana ɗaga yatsa daga ƙasa hanya na gajarta sauti na ƙara siranta, in kuma ka ƙara ƙarfin hurawa sai ta yi tsalle zuwa wata murya ta sama da yatsun nan dai. Shi ya sa makiyayi zai zauna bakin Binuwai da huji huɗu kacal ya yi ta fitar da abin da kai za ka rantse hujin goma ne.

Amma fa a faɗi gaskiya, farkon kwanakin ba abin da za ka ji sai fuuu fuuu da jiri, mutanen gida na dariya. Irin ta roba da ake sayarwa a kanti wa yaran lakol, mai huji 7 a gaba 1 a baya, ita an riga an yi mata hanyar iska a ciki, kana hurawa tana kuka nan take. Ga ƙaramin yaro ta fi sauƙi, ban musa ba. Sai dai ba ta koya maka leɓe, ranar da aka miƙa maka ta gora daga sifiri za ka tashi, kuma muryarta ba ta da wannan dishi-dishin iskar da ke sa sarewa daɗi.

Kada kuma wani ya ce bari ya fara da algaita don ya ga ana busa wa Lamiɗo ranar hawan salla a Garwa. Wancan wani karatu ne daban, tana da ɗan harshe biyu da ke karkarwa a cikin baki, ga tara iska a kumatu kana shaƙar numfashi ta hanci busa ba ta yanke ba. Kakaki ma leɓenka ne ke karkarwa, kuma na fada ne, ba na wasa ba.

Abin da ban so ba, bai ba ni ko ɗan kube na sakawa ba, kuma gora ba ta shiri da hunturu da zafin watan huɗu na nan, tana iya tsagewa. Ya ce a riƙa shafa mata man gyaɗa kaɗan ciki da waje, kada a bar ta a rana ko kan tankin moto. In za ka saya ka sa shi ya busa maka kowane huji a gabanka kafin ka biya.