Sharhi kan tsarin NRMP na ma'aurata masu neman gurbin horon ƙwarewar likitanci

Tun shekarar 1984 hukumar NRMP, wadda ke rarraba sababbin likitoci zuwa asibitocin horon ƙwarewa a Amurka, ta bai wa mutum biyu damar haɗa jerin zaɓinsu wuri guda, kuma a ganina nan ne ingancin hidimar ya fi bayyana. Kowane layi a jerin yana ɗauke da gurbi biyu, nata da nasa, kwamfuta kuwa ba ta tabbatar da layi sai duka asibitocin biyu sun karɓe su. Idan matar na neman fannin yara a Shikago, mijin kuma tiyata, za su iya haɗa gurbinta ɗaya da gurabensa daban-daban na birnin, har ma su tanadi layukan ƙarshe inda ɗaya zai samu wuri, ɗayan ya haƙura.

Sai dai aikin ba na malalaci ba ne. Hukumar ba ta samar wa kowa ganawa da asibiti. Kowannensu zai nema ta ERAS, wato tsarin intanet na miƙa takardun neman gurbi, da kansa, kuma gayyatar da aka yi wa ɗaya ba ta wajabta a gayyaci ɗayan ba. Jerin kan yi tsawo ƙwarai, kuɗin rajista na ƙaruwa, sannan wanda takardunsa suka fi ƙarfi yana iya rasa asibitin da zai samu da shi kaɗai ya nema.

Abin da ya fi damuna shi ne, idan aka fitar da sakamako a watan Maris ba su samu gurbi ba, zagayen cike guraben da suka rage ba ya ɗaukar su a matsayin ma'aurata.