Kafin ka ɗaga Hilux ɗinka: wane shok, wane sifirin, wace taya?

Duk wanda yake shiga ƙauye da a-kori-kura a watan Agusta ya san ƙarar nan da ke tsinka zuciya, lokacin da cikin mota ya daki tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanyar burji. Ni gonar masara nake zuwa a yankin Saminaka, ina kai taki da damina, ina kwaso amfani da kaka, kuma wannan ƙarar ce ta sa na fara neman yadda zan ƙara wa motata tsayi. Hilux ce ƙirar da aka yi daga 2005 zuwa 2015, wadda ake kira Vigo, amma kusan duk abin da zan faɗa ya hau kan Revo da ta biyo bayanta, domin tsarin ƙafafunsu ɗaya ne: gaba shok ne a cikin sifirin mai murɗi, kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai, baya kuma sifirin mai falle-falle ne a kan aksil guda.

Akwai abin da masu sayar da kaya ba sa son faɗa maka. Ko da me ka ɗaga motar, tulun aksil na baya yana nan inda yake, bai tashi ko da ɗan yatsa ba. Abin da ke ɗaga shi daga ƙasa taya ce kawai. Ɗagawa tana tashin shasi da bodi, tana hana hanci da gindin mota dukan ƙasa, tana kuma buɗa wa babbar taya wuri. Saboda haka shawarar ɗagawa da ta taya tare ake yanke su.

Hanya mafi araha ita ce sifesa, wato wani zobe na ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a kan shok na gaba, a baya kuma a sa dogon shakul ko bulo a ƙarƙashin sifirin. Mota za ta tashi, za ta yi kyau a ido, amma tsohon shok ɗinka da gajiyayyen sifirin ɗinka suna nan, an dai ƙara musu wahala ne. Idan motarka ba ta wuce Zoo Road zuwa ofis, to ba laifi. Idan kaya kake ɗauka, ka bar ta. Ɗaga bodi daga kan shasi kuwa ban ma sa shi a lissafi ba, tunda ƙasan motar bai tashi ba. Haka nan kai sifirin wurin maƙeri ya ƙara masa lanƙwasa da guduma ko wuta: zai tashi yau, bayan 'yan lodi ya koma ya kwanta, wani lokacin ma fallen ya karye.

Abin da nake so, kuma shi ke kan motata yanzu, shi ne cikakken saiti na Old Man Emu mai ɗaga mota kimanin milimita 40 zuwa 50, wato wajen inci 2. Kayan Ostareliya ne, ƙarƙashin kamfanin ARB, kuma dalilin da ya sa suka dace da mu a fili yake. Mutanen can suna tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan jar ƙasa mai gargada, cikin zafi da ƙura, da Hilux da Land Cruiser irin namu, ɗauke da ruwa da mai da kaya. Gargadar nan mai kama da allon wanki ita ce ke kashe shok, domin man da ke ciki yana zafi ya yi kumfa, sai shok ya daina riƙewa, mota ta dinga rawa da gindi a kwana. Shok ɗinsu da ake kira Nitrocharger an yi shi ne don wannan. Bututu biyu gare shi, ɗaya cikin ɗaya, don haka idan tsakuwa ta lotsa na waje, fistin da ke aiki a na ciki bai san an yi ba. Ga wanda tayoyinsa na gaba ke watsa wa shok na baya duwatsu duk yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne ba sa sayar da sifirin da ka. Tambayarka za a yi: me motar ke ɗauka kullum? Akwai sifirin na motar da galibi ba kaya, akwai na mai kimanin kilo 300 a kai a kai, akwai na mai nauyi fiye da haka. Gaba ma haka ne, wanda ya sa bamba ta ƙarfe sifirinsa daban da na wanda bai sa ba. Ka faɗi gaskiya a nan, don kanka za ka cuta. Na san mutanen da suka ɗauki mafi ƙarfi wai don ya fi ƙarko, yanzu idan motar ba kaya sai ta dinga tsalle kamar amalanke, iyali ba sa son shiga. Ni na tsakiya na ɗauka. Da buhun taki shida, kowanne kilo 50, motar tana zama daidai, ba ta ɗaga hanci sama, fitila ba ta haska reshen bishiya. Ranar da na fara bin hanyar gona da sabon saitin, akwai wani kwazazzabo da kullum sai na sauke mutane kafin na tsallaka. Ran nan na sa giya ɗaya na bi a hankali, ban ji komai ya taɓa ba, yaron da ke bayan mota har ya buga rufi don murna. Sai dai ka riƙe wannan: sabon sifirin bai ƙara wa motar nauyin da aka ƙayyade mata ba. Birki da aksil da shasi na da ne. Kusan tan ɗaya take ɗauka har da mutanen ciki, buhun masara goma sha biyar zalunci ne ko da wane sifirin.

Sauran fa? Ironman da Dobinsons da Tough Dog duk 'yan Ostareliya ne, idan su ka samu na asali a farashi mai sauƙi ba za ka yi kuka ba. Bilstein na Jamus ya fi daɗi a kwalta, amma bututu ɗaya ne, ba ya son lotsawa. Fox da King na masu tsere ne a hamadar Amurka, suna buƙatar a riƙa buɗe su ana yi musu sabis, ka nemo mai yin wannan a garinku tukuna.

Kada ka wuce inci 2. Daga nan ne shaf ɗin gaba ke karkacewa da yawa, robarsa ta yage, boljoyin na sama ya fara cin wuya, sai ka shiga sayen sabon hannun sama da kayan sauke tulun gaba, alaimen, wato saitin ƙafafun mota, kuma ya ƙi zama. Inci 3 ko 4 kyan hoto ne, kuma mota mai tsayi da kaya a sama ta fi saurin kifewa.

Yanzu taya. Yawancin Hilux masu rim 17 suna zuwa da 265/65R17, tsayinta wajen milimita 776. Mataki na gaba 265/70R17, wajen milimita 803, kuma ita nake ba da shawara. Tana ɗaga aksil da kimanin milimita 13, galibi tana shiga bayan ɗagawar inci 2 ba tare da an yanka ƙarfe ba, in ma ta goga to ɗan robar kare laka ne. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari, idan ya ce 100 kana wajen 103. Ita kuwa 285/70R17 da samari ke so ta kai milimita 831, sai an yanka, mota ta yi nauyin tashi, mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa. Ban ga ribarta ga manomi ba.

A zane, tayar laka zalla mai manyan haƙora tana da kyau wata biyu a shekara, sauran wata goma kuwa kuka take a kwalta, ga saurin cinyewa, ga santsi idan an yi ruwa a titi. Tayar kwalta zalla kuma kututturen dawa ɗaya ya ishe ta. Ta tsakiya, mai alamar A/T, ita ce tamu. A cikinsu BFGoodrich KO2 nake sawa. Gefenta mai kauri ne, zanen ya gangaro har kafaɗa, kuma a gona gefen taya ne ke mutuwa, kututture da ƙaya da bakin dutse duk nan suke nema, kuma gefe idan ya yage faci ba ya riƙe shi. Ta fito tun 2014, kamfanin na Michelin ne, yanzu ma akwai ƙanwarta KO3. KO2 tana da nauyi, za ka ji shi a mai kaɗan, na yarda da wannan cinikin. Falken Wildpeak ta fi ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta, Cooper da Toyo ba su da laifi, Maxxis ta fi sauƙin kuɗi. Ko wacce ka ɗauka, nemi mai harafin LT kafin lambar girma, ita ce ta ɗaukar kaya, ka kuma duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 121 kuma kilo 1,450. Ka sayi biyar iri ɗaya har da sifeya, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son taya wata ta fi wata tsayi.

Duk wannan bayanin banza ne idan jabu aka ba ka, kuma nan ne na ƙone. Karon farko da na tashi ɗaga motar, wani mai shago a wata kasuwar kayan mota ya fito min da shok huɗu cikin kwali mai sheƙi, da sunan wani babban kamfani, a rabin kuɗin da na ji a wani wuri. Ya rantse min kayan kwantena ne da suka yi saura. Kafin wata uku biyu na baya sun jiƙe da mai. Da bakanikena ya kankare fentin da wuƙa, sai ga wani launi daban a ƙasa, da tsatsa. Tsofaffi ne aka wanke, aka fesa, aka manna takarda. Tare da su na sayi taya biyu a naɗe da leda mai ƙyalli. Ɗaya ta fashe min tsakanin Pambegua da Saminaka, da mutum huɗu a mota da kaya a baya. Allah ne ya kiyaye, ba gudu nake ba. Da muka duba wurin kwanan wata sai muka ga an goge shi da inji an buga sabo, robar wurin ta fi sauran santsi.

Don haka ga yadda nake saye yanzu, kuma ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka ji kunyar yin haka a gaban mai shago. Shok ka fitar da shi daga kwali. Ka nemi lambar kaya a jikin ƙarfen, ka shiga intanet da wayarka ka ga ko lambar ta dace da motarka a shafin kamfanin. Ka duba sandar, ta zama sumul ba tabo ba ƙuje. Ka duba walda, ta kamfani a tsare take kamar ɗinkin keke. Ka duba inda noti ke zama, idan akwai sawun sifana to an taɓa ɗaura shi. Mai iskar gas idan ka danne shi ka saki, a hankali zai miƙe da kansa har ƙarshe, ba tare da wani wuri da ya yi laushi ba. Ka ɗaga biyu ka gwada nauyinsu. Wanda ya hana ka buɗe kwali, ko ya ƙi rubuta maka rasit da lambar kaya, ka yi masa sallama ka tafi.

Taya kuma ka sa a cire ledar gaba ɗaya, ledar nan ba ta nuna komai. Nemi rubutun DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne haihuwarta: 2323 na nufin mako na 23 a shekarar 2023. Ka shafa wurin da yatsa, ka kwatanta shi da sauran rubutun. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC sun daɗe suna gargaɗi a kan tayar da ta tsufa, kuma a zafin Maris da Afrilu, kwalta kamar garwashi, tsohuwar roba ba ta da haƙuri. Ka leƙa cikinta da fitilar waya ka nemi faci. Ka lanƙwasa gefen ka ga ko akwai ƙananan tsagu. Ka duba bakin da ke kama rim, domin akwai masu cusa taya uku ko huɗu cikin juna a kwantena don rage kuɗin dako, wayar bakin ta lanƙwashe tun kafin ta taɓa titi, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu. Akwai kuma masu sake yanka zane a tayar da ta cinye da wuƙa mai zafi. Za ka gane ta idan ƙasan ramin bai yi sumul ba, ko ka nemi 'yan tudun nan na milimita 1.6 da ke cikin rami ka rasa. Ta Beljiyam kuwa, da yawanta tayar ƙanƙara ce ta Turai, roba mai laushi da ƙananan tsage-tsage birjik a zanenta, ba a yi ta don ranarmu ba. Ka karanta sunan harafi bayan harafi, masu kwaikwayo sukan canza harafi ɗaya tak.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A sa sababbin kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil, kada a mayar da tsofaffi. Kada a ƙarasa ɗaure notin bushin sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Idan motarka tana da bawul ɗin nan na birkin baya mai auna nauyi, a daidaita shi da sabon tsayin. Daga garejin ka wuce wurin alaimen na kwamfuta, ba gobe ba, a kuma saita fitilun gaba. Mai faci kada ka bar shi ya dura maka iska har 60 don ya ga taya babba, ka fara daga abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ka ɗan ƙara idan LT ce ko akwai kaya. Bayan kamar kilomita 500 ka koma a sake bin kusoshin baya da sifana, don sabon sifirin yana zama, sukan saki.