Motar Lantarki a Nowe: Gaba Tangaran, Baya Sai Lalube

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya tare da iyali, na ga saƙonka game da motar lantarki da abokin cinikinka yake so ku shigo da ita Kano, kuma na lura hankalinka ya fi tafiya ga batir da wurin caji. Waɗannan abin dubawa ne, amma duk wanda ka tambaya zai yi maka bayaninsu, saboda haka na ga ya fi kyau in rubuto maka abin da babu wanda ya faɗa mini kafin in sayi tawa, wato cewa direban irin wannan mota yana ganin gabansa tangaran, bayansa kuwa sai lalube.

A nan Nowe, ƙasar da ke arewacin Turai, motar lantarki ta daina zama abin kallo. A shekarar 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a ƙasar masu batir ne zalla, domin gwamnati ta daɗe tana sassauta musu haraji, wutar ƙasar kuma mafi yawanta daga madatsun ruwa take fitowa. Ni ma da tsohuwar motata ta gaji, sai na bi sahu na sayi ta hannu. Ranar gwaji na duba tayoyi, na tambayi lafiyar batir, na taka ta a babban titi na ji yadda take fizga ba ƙara ba hayaƙi, amma ban ɗaga ido na dubi madubin tsakiya da niyyar auna abin da yake nunawa ba. Sai da na kawo ta gida zan shiga da ita wurin fakin da baya, sannan na ga gilashin bayan a cikin madubi bai fi kafar da mai sayar da tikiti yake miƙo hannu ba, ita ma kafar matasan kai na kujerun baya guda uku sun cinye rabinta.

Nan take na tuna da Fijo 504 ta Baba, haɗin Kaduna, wadda ka koya mini tuƙi da ita a filin makaranta. A cikinta mutum yakan ɗora hannu a kan kujerar gefe ya juya wuya, ya ga bakin kwata, ya ga akuyar da ke kwance, ya ga har turmin da aka manta a ƙofar gida, domin ginshiƙanta sirara ne kuma gilashi ya zagaye ta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wata ni'ima ba sai da na rasa shi.

Ƙanƙantar gilashin ba ganganci ba ne, akwai dalilai, kuma yana da kyau ka san su domin su ne za su nuna maka cewa matsalar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Babban abin da ke cinye cajin mota a kan doguwar hanya shi ne iskar da take turewa, don haka masu ƙira suke kwantar da rufin ta baya ya sauko a hankali, su kuma ɗaga but ɗin sama, yadda iska za ta zame ba tare da ta riƙe motar ba. Gilashin yana iya zama babba idan ka tsaya a waje kana kallonsa, amma da yake a kwance yake, abin da ke isa ga madubi ɗan siriri ne. Sannan batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin daɓen motar, ya ɗaga kujeru da ƙofofi sama, har layin da gilashi yake farawa ya kai kafaɗar mutum. Nauyin batirin kuma yakan kai motar kusan tan biyu, alhali 504 ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, saboda haka dole a kaurara ginshiƙan baya domin rufin ya jure idan motar ta kife. A bayan kowane ginshiƙi daga cikinsu mai keke yana iya ɓacewa ɗungurungum.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tawa ba ta da waifa a baya. Hujjar masu ƙira ita ce iskar da ke gangarowa daga rufi za ta share ruwan da kanta, kuma a titi mai tsabta da gudu mai yawa hakan yana ɗan faruwa. Amma daga Nuwamba zuwa Maris titunan nan cike suke da gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara, ya haɗu da ruwa da ƙurar kwalta ya zama wani taɓo mai ruwan toka, iskar da ke juyawa a bayan mota kuma ta kwashe shi ta shafe gilashin da shi. Tafiyar minti goma ta isa. Ba ni kaɗai na koka ba, domin kamfanin Hyundai, wanda ya fara fitar da Ioniq 5 ba waifar baya, ya saka mata ita a gyaran da ya yi wa motar a 2024.

Amsar da kowa zai ba ka ita ce akwai kyamara. Gaskiya ne, kuma doka ce ma: a Amurka tun watan Mayun 2018 ba a sayar da sabuwar mota sai da kyamarar baya, a Turai kuma tun Yulin 2024 dole sabuwar mota ta zo da kyamara ko na'urar da ke jin abu a bayanta ta yi ƙara. Idan idon kyamarar yana da tsabta, aikinta ya fi na wuyan mutum, domin tana nuna ƙasan bamba inda ko a 504 ba a gani, tana kuma zana layuka a allo masu lanƙwasa yadda ka murza sitiyari. Sai dai idon nata bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma an dasa shi kusa da lambar mota, daidai inda taɓon yake taruwa. Ka sa ribas da asuba, allon ya nuna maka wani abu kamar kana leƙe ta cikin kofin koko. Su kuma na'urorin da ke jikin bamba, idan ƙanƙara ta manne musu, sai su yi ta kuka babu komai a baya, har kunne ya saba ya daina kula su. A wannan fanni na yaba wa masu ƙera Golf, waɗanda suka ɓoye kyamarar a bayan tambarin but, ba ta leƙowa sai an sa ribas.

A haka na yi ɓarnata ta farko. A wani wurin fakin na ƙarƙashin ƙasa akwai guntun ginshiƙin siminti da bai kai gwiwa ba, allon ya dushe, ƙarar kuma na ɗauka irin ta kullum ce, sai na ji ƙas. Bamba ta tsage tsawon taƙi ɗaya. Da a gida ne, da na kai ta wurin masu gyaran bodi, a gasa robar a liƙe, a shafa fenti, kafin la'asar na ɗauki motata, in ma abin ya ƙi a leƙa Ƙofar Ruwa a samo ta hannu. A nan sai da na nemi rana ta intanet, aka ba ni bayan mako biyu. Ma'aikacin garejin ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kofi, ya buga mini takardar da ta lissafa komai dalla-dalla, sannan ya bayyana mini cewa ba sa liƙi, sabuwar bamba za a sa, kuma bayan an sa dole a sake saita na'urorin da ke cikinta da kwamfuta, in ba haka ba za su riƙa auna tazara ba daidai ba. Ladan aikin awa ɗaya a gareji a ƙasar nan ya haura krona dubu, kuɗin ƙasar. Inshora ta ɗauki mafi yawa, ni kuma na biya kason da yake kaina, wanda shi kaɗai ya ishe ni jimami. Aikinsu ba shi da makusa, motar ta fito kamar ba a taɓa ta ba, amma na fahimci cewa abin da ido yake yi kyauta a tsohuwar mota yanzu an mai da shi kayan da ake saye, ake gyarawa, ake kuma saitawa.

Siminti dai ba ya jin ciwo. Abin da ya sa na canza halina gaba ɗaya ya faru ne a ƙofar makarantar renon yara inda nake kai ƙaramarmu. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Oslo, babban birnin ƙasar, sai wajen ƙarfe tara, don haka a cikin duhu ake kai yara. Na shiga mota na sa ribas, sai wani abu ya ce mini in sauke gilashin gefe, na kuwa ji muryar wata uwa tana kiran ɗanta. Yaron yana tsaye daf da bayan motata yana jan abin sulun ƙanƙara, tsawonsa bai kai inda gilashin yake farawa ba, kuma shi ma bai san motar a kunne take ba, tunda ba ta da injin da zai yi gurnani. Doka ta tilasta wa sababbin motocin lantarki su riƙa fitar da wani sauti idan suna tafiya a hankali ko suna ja da baya, amma sautin siriri ne, yaron da ya rufe kunnuwa da hular sanyi ba lalle ya ji ba. A ranar na yi kewar yaron mota na tasharmu, mai tsayawa a baya yana cewa zo, zo, zo, sannan ya daki bodi da tafin hannu idan ya isa. A nan babu mai yi maka wannan, ko da kuɗi.

Tun daga lokacin nake ajiye tsumma a aljihun ƙofa, kuma ba na tayar da mota sai na zagaya bayanta na goge idon kyamara da na'urorin bamba, wanda hakan yake ba ni damar ganin abin da ke wurin da idona. Matasan kai na baya na danne su ƙasa in ba kowa a kujerun. Madubin gefe na buɗe su waje har sai gefen motata ya kusa ɓacewa daga cikinsu, saɓanin yadda muka saba a gida na saita su muna kallon ƙofar baya, kuma wannan kaɗai ya rage mini wurin da ba na gani ƙwarai. Na kuma koyi shiga fakin da baya, kamar yadda da yawa daga mutanen nan suke yi, domin lokacin isowa ka riga ka ga wurin fili ne, lokacin fita kuwa ba ka san abin da ya zo bayanka ba. Madubin gefen nasu, in faɗi gaskiya, sun fi namu: suna da abin ɗumama da ke narkar da raɓa, ga ɗan fitila da ke kamawa idan wata mota ta shiga gefenka.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya dabam. Polestar 4, ta wani kamfanin Suwidin, ba ta da gilashin baya ko kaɗan. Kyamara ce a kan rufi take aiko hoto zuwa allon da aka yi shi da siffar madubin tsakiya. Na zauna a motar wani abokin aikina mai irin wannan madubin allo, kuma faɗin abin da yake nunawa ya burge ni, babu kan fasinja babu kaya. Amma madubi na gaskiya idan ka dube shi idonka yana kallon nesa ne, kamar yadda yake kallon titi, shi kuwa allo abu ne da ke kusa da fuska, sai ido ya sake daidaita kansa duk lokacin da ka ɗaga shi. Ga wanda ya fara sa tabarau don karatu, irina da irinka, wannan ɗan jinkirin ba ƙarami ba ne a kan babban titi. Kuma ko ka karkata kai ba za ka ga ƙarin komai ba, hoton yana nan yadda yake.

Idan na ɗauki duk wannan na ɗora a kan Kano, abin da gishiri yake yi a nan shi ƙurar hunturu za ta yi a can, damina kuma ta kawo nata taɓon. Bambancin shi ne a bayan motarka a can ba ginshiƙin siminti ne kawai ba, akwai mai Adaidaita Sahu da ya kutso kai, da mai babur, da yarinya mai talla, kuma idan kyamarar ta mutu ko na'urar bamba ta rikice, sai an sami mai kwamfutar da ta dace da wannan kamfani kafin a saita ta. Saboda haka idan ka je ganin motar, ka tafi da jarka mai lita ashirin da biyar, wadda tsawonta bai wuce na yaron da ya fara tafiya ba. Ka sa a ajiye ta a bayan motar, ka zauna a kujerar direba, ka rufe allon da hularka, sannan a riƙa ja da jarkar baya har sai ka hango ta a madubin tsakiya, ka sauko ka ƙirga takun da ke tsakani. Ka duba ko akwai waifar baya, ka duba inda aka dasa kyamara da ko tana da abin fesa mata ruwa, ka kuma tambayi mai kawo motar wa zai gyara ta a Kano idan ta dushe. Ka rubuto mini adadin takun da ka samu da sunan motar, ni kuma zan nemi irinta a nan in tambayi masu hawanta yadda take yi musu a lokacin sanyi.