GARGAƊI: Wani macuci ya cinye mini dala 670 da sunan irin ƙatuwar kabewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna nan Amurka. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Ni ɗan manomi, jikan manomi, wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Zazzau, a ce wai da irin kabewa aka damfare ni. Kabewa fa! Wadda a gidanmu ko shuka ta ba a yi, a juji take fitowa da kanta ta haye danga, Inna ta ce a je a tsinko ta yi miyar taushe. Ita ce aka karɓe mini dala 670 a kanta. Dala 670, kusan naira miliyan ɗaya a canjin lokacin.

Ranar da macucin ya toshe ni ina cikin mota, na tsaya shan mai. Na tura masa hoton kabewar da awon da na yi mata, na ce malam wannan abu ko tulun Inna bai kai ba, ga shi mun shiga Agusta. Saƙon bai tafi ba. Na sake turawa. Na duba shafinsa, babu. Har ga Allah abin da ya fara zuwa raina shi ne ko wani abu ya same shi, don ya taɓa ce mini yana fama da ciwon baya. Ku ji fa, tausayinsa nake ji.

Bari in koma baya. Bara a watan Oktoba na kai yara Circleville, wani ƙaramin gari kudu da Columbus a jihar Ohio, bai kai tafiyar awa ɗaya ba daga inda muke. Suna bikin kabewa kusan duk shekara tun 1903, a rufe titunan tsakiyar gari kwana huɗu. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Kabewa ɗaya sai an kawo na'urar ɗaga kaya ta ɗora ta a sikeli, yarona ya tsaya kusa da ita ta kai masa ƙirji. Na dawo gida ina ta bincike har ƙarfe biyun dare. Irin sunansa Atlantic Giant, wani manomi Howard Dill a Nova Scotia ta ƙasar Kanada ya yi shekaru yana tace shi. A 2023 wani malamin koyar da aikin lambu daga Minnesota, Travis Gienger, ya kai tasa gasar Half Moon Bay a Kalifoniya ta yi laba 2,749, wato kilo 1,247, a lokacin babu kamarta a duniya, aka ba shi dala 30,000. Ba zan yi ƙarya ba, wannan dala 30,000 ta zauna mini a rai. Amma wallahi ba ita kaɗai ba ce. Shekara tara rabona da riƙe fartanya, hannuna ƙaiƙayi yake.

Na shiga wani zauren masu lambu a Facebook na yi tambaya ɗaya: ina ake samun iri mai kyau? Ko awa ba a yi ba ya shigo mini ta saƙon sirri. Kuma abin da ya fara rubutawa, da Hausa, shi ne: "Sannu da aiki, abokina."

Wannan kalma ita ta kashe ni. Sannu da aiki, abokina. Bature, dattijo mai furfura a hoto, tsaye kusa da kabewar da ta kai girman keken Napep, yana gaishe ni da Hausa cikin sanyin Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, na dawo daga aikin dare. Ya ce ya taɓa koyarwa a Jos shekara biyu yana saurayi, ya ce har yau yana kewar tuwo da miyar taushe. Miyar taushe! Na tashi uwargida daga barci na nuna mata. Ta duba da ido ɗaya ta ce, "Malam, a ina ya san ka?" Na ce ai mutumin kirki ba sai ya san ka ba. Ta juya ta ci gaba da barcinta.

Sai yanzu na koma shafina na duba. Hoton tuwo da miyar taushe na nan, ni na ɗora shi da ƙaramar sallah, har na rubuta sunan miyar a ƙasa. Da hannuna na ba shi makamin. Hausarsa kuma duk ba ta wuce kalma goma ba, ko yaro zai samo su a waya cikin minti ɗaya. Na taɓa tura masa saƙon murya da Hausa, ya amsa da Turanci wai kunnensa ya yi nauyi. Na yarda.

Kuma kada wani ya zo nan ya ce mini kwaɗayi mabuɗin wahala, na riga na faɗa wa kaina. Ban tura kuɗi ido rufe ba. Na yi bincike. Masu wannan harka suna sa wa iri suna da nauyin kabewar da aka ciro shi, da sunan mai ita, da shekara, har uwa da uba ake rubutawa kamar asalin doki. Haka ya rubuto mini, daidai. Kuma gaskiya ne ana gwanjon irin nan da tsada, a 2016 wani kamfanin iri a Ingila ya sayi ƙwaya ɗaya tak fam 1,250. Na karanta wannan da idona. To da ya ce nasa jikokin waccan ta Minnesota ne, ƙwaya ɗaya dala 250 amma ni zai bar mini 175 saboda mutanen arewa sun yi masa halacci, ni gani nake na tsinci dami a kala. Shi mutumin Minnesota ba ruwansa, bai ma san ana yi ba, sunan kabewarsa kawai aka ara. Na ce a ba ni biyu. Dala 350. Ya ce in tura ta hanyar da ake tura wa 'yan uwa da abokai, kada a cire masa haraji, ai ni da shi mun zama ɗaya. Wannan hanya kuwa idan kuɗi ya fita ya fita ke nan. Na sani. Na sani fa, na taɓa gargaɗin wani ƙanena a kan haka. Na danna.

Sai maganar taki, dala 180. A'a, kafin taki akwai rajista. A watan Maris ne, ko ƙarshen Fabrairu, zan duba. Ya ce gurbin shiga gasa yana cika da wuri, shi yana cikin masu shiryawa, in kawo dala 140 ya kama mini wuri har da katakon da za a ɗora kabewar. Irin ma a lokacin bai iso ba. Ko ya iso? Ya iso, don na tuna ambulan ɗin na kan firij lokacin da nake turawa. Ambulan fari, babu adireshin mai aikowa, ƙwaya biyu a cikin 'yar leda an rubuta lamba da biro. Da na gan su gabana ya ɗan faɗi, don na ga na gaske a bidiyo, manya ne masu kauri. Waɗannan sirara ne, irin waɗanda muke soyawa mu ɓare. Na tambaye shi, ya ce bushewa ce ta sa suka ƙanƙance. Ni da na san iri tun ina goye, na karɓi wannan magana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wahalar da na sha a kansu. A tsakiyar Afrilu na goge gefen kowace ƙwaya da abin gyaran farce kamar yadda suke yi, na jiƙa, na sa a tukunya a ɗaki mai ɗumi, ina tashi cikin dare ina leƙawa kamar mai jego. Na roƙi mai gidan da muke haya ya bar ni na tone ciyawar bayan gida, domin tushe ɗaya yana cin fili kamar ɗaki huɗu. Gwajin ƙasa dala 40. Motar takin gargajiya 260. Hayar injin huɗa 95. Leda da bututu na yi musu rumfa, da wayar ɗumama ƙasa saboda a Ohio sanyi na iya kashe yabanya har cikin Mayu, 170. Tiyo da kayan ban ruwa 120. Maganin ƙwari 90, don akwai wata tsutsa da ke huda yaɗon ta ciki, ka kwanta da shuka lafiya ka tashi ta yi yaushi, ga wata farar cuta kamar an barbaɗa gari a ganye. Kuɗin ruwa kuwa ya ƙaru da kusan dala 70 duk wata har wata huɗu. Uwargida ta ajiye mini takardar a kan faranti maimakon abinci, ba ta ce komai ba. Wannan duka dala 1,055, kuma ba shi ya ci ba, na yarda, duk mai wannan sha'awa yana kashe irinsa ko fiye kowace shekara. Amma a kan me na kashe? Na bi yaɗo ina binnewa da ƙasa gaɓa gaɓa. Na fito da asuba bayan sallah na haɗa furen namiji da na mace da hannuna na ɗaure da zare kada zuma ta kawo wani. Na tsinke sauran 'ya'yan duka na bar ɗaya a kowane tushe. Na shimfiɗa mata yashi, na rufe ta da zanin gado kada rana ta ƙona fatarta. Zanin gadon uwargida.

Yauwa, takin. A watan Yuni na ga ganyen ƙanana ne, masu tsaga da ƙaya, alhali na gaske faffaɗa ne kamar faifai. Na tura masa hoto. Ya kira ni a karon farko, muryar ba ta yi mini kama da ta dattijo ba, amma na ce waya ce. Ya ce ƙasata ce ba ta da ƙarfi, akwai wani haɗi na sirri da manyan suke amfani da shi, dala 180. Na tura. Aka kawo mini shuɗin gari a robar da ba tambari. Daga baya na ga irinsa sak a shagon kayan lambu, bai kai dala 15 ba. 350, da 140, da 180. Dala 670. Na lissafa ya fi sau ɗari ko zai ragu.

Ta gaske idan ta kama girma tana iya ƙara kilo 20 a rana ɗaya, har cewa suke kamar kana ganin motsinta. Tawa kullum da safe in zagaya ta da tef, jiya i yau. Ta yi ja tun Agusta ta tsaya. Babbar kilo 9. Ƙaramar ban ma auna ba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da maƙwabcinsa, tsoho, ya fi shekara ashirin yana wannan noma. Na sa ta a but na kai masa. Bai ko ɗaga ta ba, mariƙinta kawai ya taɓa. Ya ce wannan mai tauri ne mai gefe gefe, na ƙatuwar kuwa kauri gare shi, zagayayye, da taushi kamar toton kwalba. Ya ce wannan kabewar da yara ke fafewa su sa kyandir a ƙarshen Oktoba ce, fakitin irinta dala uku. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi rajista, ya ce shi bai taɓa tura wa wani mutum kuɗin kama wuri ba, ranar awo yake kai tasa. Sai ya shiga gareji ya fito da ambulan, ƙwaya biyar manya, ya miƙo mini. Na ce nawa? Ya ce kyauta, su haka suke ba sababbi, ko ta gidan waya ka roƙa da yawansu za su aiko maka. Kyauta. Na tsaya riƙe da ambulan ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Hoton dattijon mai furfura ma ba nasa ba ne. 'Yata ce ta saka shi a manhajar binciken hoto, minti biyu, ya fito a wata tsohuwar jarida da wani suna daban a wata jiha daban. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba tun farko?" Shekararta 14.

Banki sun ce ni na tura da kaina, kuma gaskiyarsu. Na kai ƙara inda ake kaiwa, an ba ni lamba. Mai gida kuma ya ce zai cire dala 250 daga kuɗin ajiyata ya mayar da ciyawarsa. Idan aka haɗa komai kusan dala 2,000 ke nan, a shekarar da na ce wa Inna ta ƙara haƙuri da maganar rufin ɗakinta sai bayan damina. Wannan ne ba na iya barci a kansa. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Sikirinshot na hirarmu duka suna nan, tun daga "sannu da aiki" har ranar ƙarshe, da rasit uku, da hoton ambulan. Zan ɗora su da daddare idan na rufe sunana da lambar asusuna. Na ji an ce ya buɗe wani shafin da sabon hoto, wai yanzu har irin kankana da albasa yake sayarwa, ina kan tabbatarwa. Duk wanda ya shigo maka ta saƙon sirri da maganar iri, toshe shi. Kada ka tura kuɗi ta hanyar 'yan uwa ga wanda ba ka taɓa gani ba, ko da Hausar Kano ya gaishe ka. Kana son iri, je wurin awo a Oktoba ka roƙa.

Kabewar mun yanka ta ranar Juma'a. Uwargida ta ce tunda ta ci dala 2,000 dole a sha ta a miya. Duk zare ce da ruwa, ba garɗi, yara suka ture kwano. Ƙwaya biyar ɗin tsohon suna cikin aljihun rigar sanyina, ban gaya mata ba tukuna.